Tsohon Ruwan Inabi na Montalcino: Darasi a kan Tsarki da Haƙuri

Gabatarwa

Babu Lahadin da za ta wuce ba mu ji an ambaci ruwan inabi a majami'a ba. Muna ganin ana kawo shi gaban bagade tare da gurasa, muna kuma jin sunansa a cikin karatu, tun daga gonar da Nuhu ya dasa bayan ruwan tufana har zuwa bikin auren Kana. Duk da haka, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin gonar inabi da idanunsu, balle su san yadda ake sarrafa 'ya'yanta. Shi ya sa akwai maganganu a Littafi Mai Tsarki waɗanda muke karantawa mu wuce ba tare da mun kama ma'anarsu ba. A Luka 5:39 Ubangijinmu ya nuna cewa wanda ya saba da tsohon ruwan inabi ba ya marmarin sabo. Littafin Sirak 9:10 kuma ya kwatanta sabon aboki da sabon ruwan inabi, wanda sai ya daɗe ake jin daɗinsa. A wurinmu kuwa, abin sha in ya kwana ya kama hanyar lalacewa ke nan. Kunu yakan yi tsami, fura ma haka. To, ta yaya abin sha zai shekara hamsin yana ƙara kyau?

Domin mu amsa wannan tambaya, za mu tafi ƙasar Italiya, mu dubi gona guda ɗaya ta iyali guda ɗaya, inda aka yi fiye da shekara 130 ana yin jan ruwan inabi mai suna Brunello di Montalcino. Abin da za mu gani shi ne, daɗewa ba ta gyara abin da aka ɓata tun farko. Abin da aka yi shi da gaskiya, shi ne kaɗai shekaru suke ƙara wa daraja.

1. Garin Montalcino

Montalcino ƙaramin gari ne a kan tudu, a yankin Toskana da ke tsakiyar Italiya, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Siyena. Sunan ba shi da wuyar faɗa, gama yadda Bahaushe zai karanta shi haka mutanen garin suke furta shi. Tudun ya haura mita 560 bisa teku, mazauna garin da ƙauyukansa kuma ba su kai 6,000 ba. Tsohuwar hanyar da masu ziyarar ibada suke bi daga arewacin Turai zuwa Roma ta ratsa ƙasarsa. A kwarin da ke kudu da garin akwai gidan sufaye na Sant'Antimo, wanda aka gina majami'arsa a ƙarni na 12. Paparoma Pius na Biyu ya ba garin bishop nasa a 1462, a 1986 kuma aka haɗa dayosis ɗin da na Siyena.

Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi irin na fadama. Tsakuwa ce da farar ƙasa mai ɓarɓashi, ruwan sama kuma kimanin milimita 700 ne a shekara. Daga kudu maso gabas dutsen Amiata, mai tsawon mita 1,738, yakan tare wa gonakin hadari da ƙanƙara. Manomin dawa zai raina irin wannan ƙasa, amma ita kurangar inabi take so. In ta sami ƙasa mai taki da ruwa da yawa, sai ta yi ta ganye, 'ya'yanta su cika da ruwa su yi salam. In kuwa ta sha wuya, takan tura saiwarta can ƙasa, ta ba da 'ya'ya kaɗan, ƙanana, masu kaurin fata da ƙarfin ɗanɗano.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 Montalcino garin talakawa ne. Yawancin manoma suna noman raba-daidai: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi ya ba da ƙarfinsa da na 'ya'yansa, a raba amfani biyu. A 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. A shekarar ce kuma aka gama babbar hanyar mota daga Milan zuwa Naples, wadda ta bi ta wani wuri dabam, matafiya suka daina biyowa ta ƙasar garin. Samari suka watse zuwa birane neman aiki, gonaki da yawa suka zama saura.

2. Gidan Biondi Santi

A zamanin dā al'adar Toskana ita ce a gauraya inabi iri-iri, baƙi da fari, a matse, a shanye cikin shekara ɗaya ko biyu. Montalcino ma an fi saninsa da wani farin ruwan inabi mai zaƙi da ake kira Moscadello. Wanda ya fara kauce wa wannan al'ada shi ne Clemente Santi, mai haɗa magunguna kuma mai gonar Il Greppo. Ya ware irin baƙin inabin da mutanen garin suke kira brunello, wato ɗan baƙi-baƙi, ya matse shi shi kaɗai, ya ajiye shi a ganga. Ruwan inabinsa na kakar 1865 ya sami lambar yabo a bajekolin amfanin gona na garin Montepulciano a 1869. Bayan shekara goma, a 1879, wani kwamitin masana na Siyena ya tabbatar cewa brunello da inabin da ake kira Sangiovese a sauran Toskana iri ɗaya ne.

'Yar Clemente ta auri wani likita daga gidan Biondi, ɗansu Ferruccio kuma ya haɗa sunayen gidajen biyu. A zamaninsa ne babbar annoba ta auka wa gonakin Turai. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka wajen 1860, yana cin saiwar kuranga har ta bushe. Ya cinye gonakin Faransa, sa'an nan ya ɓulla a Italiya a 1879. Maganin da aka samu shi ne abin da manomanmu suka sani a wajen mangwaro, wato aure: a ɗauki reshen inabin Turai a aura shi da gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ferruccio ya bi gonarsa yana zaɓen kurangun da suka fi kyau da juriya, ya yawaita su ta wannan hanya. A 1888 ya zuba ruwan inabin da ake ɗauka shi ne Brunello na farko irin na yau. Kwalabe biyu na wannan shekara sun kai har zamaninmu a rumbun gidan.

Ku lura da wannan: daga 1888 zuwa 1945, kaka huɗu kaɗai gidan ya ga ta isa a ajiye ruwan inabinta a matsayin zaɓaɓɓe, wanda suke kira Riserva. Su ne 1888, 1891, 1925 da 1945. Ɗan Ferruccio, Tancredi, shi ya tsare wannan ajiya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojoji suka kusato, shi da ɗansa Franco suka gina bango suka rufe ɗakin da tsofaffin kwalaben suke, har yaƙi ya wuce ba wanda ya gano su.

Duniya ta fara sanin sunan sosai a 1969, sa'ad da shugaban Italiya, Giuseppe Saragat, ya kai ziyara Ingila. A liyafar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ofishin jakadancin Italiya da ke Landan, Riserva na 1955 aka kawo. Franco ya karɓi gonar bayan rasuwar mahaifinsa a 1970, ya riƙe ta har ya rasu a 2013 yana da shekara 91. A 1994 ya gayyaci masana ya buɗe musu kwalabe tun daga na 1888 har zuwa na 1988. Na 1891, wanda ya haura shekara ɗari a lokacin, suka same shi lafiyayye, yana da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa.

3. Daga Gona zuwa Kwalba

Aikin yana farawa da jira. Kurangar da aka dasa ba ta ba da amfanin kirki sai a shekara ta uku ko ta huɗu. Wanda ya karanta Littafin Firistoci 19:23-25 zai tuna cewa Isra'ilawa ma an hana su cin 'ya'yan sabon itace har shekara uku. A Il Greppo al'adar da Franco ya bi ta fi haka tsanani. Kurangar da ba ta kai shekara 10 ba, ruwanta ba ya shiga Brunello. Riserva kuwa sai daga kurangar da ta haura shekara 25.

A tsakiyar hunturu, lokacin da ganye ya zube, manomi yakan bi kowace kuranga da wuƙa ya datse mafi yawan rassan bara, ya bar ɗaya ko biyu. Da bazara kuma yakan rage nonnan inabin tun suna ɗanye, domin waɗanda suka rage su sami ƙarfi. Baƙo in ya ga wannan sai ya ce ɓarna ce. Amma wannan shi ne aikin da Yohanna sura 15 take magana a kai, inda aka nuna cewa reshen da yake ba da 'ya'ya ma ba ya tsira daga wuƙar manomi.

Ana girbi a watan Satumba zuwa farkon Oktoba. Akan tsinke nonnan da hannu, a fitar da ruɓaɓɓu da waɗanda ba su nuna ba, a murƙushe sauran a zuba cikin manyan tukwane. Ruwan da ke cikin baƙin inabi ba ja ba ne. Launin yana cikin fata, saboda haka akan bar ruwa da fata su tsimu tare har mako biyu ko uku. A cikin wannan lokaci yisti, wato ƙananan halittun da suke sa ƙullin gurasa ya tashi, yana cinye sukarin inabin ya mai da shi barasa da iska. Tukunyar takan yi zafi, ta yi ta kumfa kamar ana hura mata wuta. A nan ne za mu gane misalin salkuna a Luka 5:37-38. Sabon ruwan inabi bai gama fitar da iskarsa ba, tsohuwar salka kuwa ta bushe ba ta iya miƙewa, don haka sai ta fashe. Bayan aikin yisti, waɗansu ƙwayoyin kuma sukan juya kaifin tsamin inabin ya koma tsami mai laushi, irin wanda yake cikin nono.

Daga nan sai a juye shi cikin ganguna na itacen oak. Gidan Biondi Santi ya riƙe manyan ganguna irin na dā, masu cin dubban lita, na katakon yankin Slavoniya da ke ƙasar Kuroshiya. Waɗansu gonaki sun fi son ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225, waɗanda suke sa ruwan ya yi laushi da wuri, ya kuma ɗauki ƙanshin katako. Babbar tsohuwar ganga ba ta ƙara masa kome nata. Aikinta shi ne ta bar iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan ta jikin katakon, wata bayan wata.

4. Asirin Daɗewa

Sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Ya kamata a sani cewa mafi yawan ruwan inabin duniya ba a yi shi domin ajiya ba, in ya wuce 'yan shekaru sai ya mutu. Wanda zai daɗe sai yana da abu uku a jikinsa tun ranar da aka matse shi. Na farko, barasa daidai gwargwado. Na biyu, tsami, wanda yake hana shi ruɓewa. Na uku, bauri, irin wanda mai cin goro yake ji a harshensa. Abin da yake kawo baurin nan dangi ne na wanda yake cikin bagaruwa, wanda majema suke jeme fata da shi don kada ta ruɓe. Inabin Sangiovese na tudun Montalcino yana da tsami da bauri sosai. Saboda haka Brunello na gargajiya, in yana sabo, yakan ɗaure baki, ba ya da daɗin sha. Da tafiyar shekaru sai baurin ya yi laushi, wani ya kwanta a gindin kwalba, launin ya tashi daga ja wur ya koma kamar na jan bulo, ƙanshi iri-iri kuma su fito. Abin da ya sa shi wuyar sha yana sabo, shi ne ya ba shi tsawon rai.

Babban maƙiyinsa iska ce in ta yi yawa, da zafi, da haske. In iska ta sami hanya, waɗansu ƙwayoyi sukan mai da barasar ruwan tsami. Shi ya sa ake ajiye kwalabe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu da sanyi, a kwance, domin toshiyar bakinsu, wadda ake yi da ɓawon wani itace, ta zauna a jiƙe kada ta bushe. Amma ita ma toshiyar tana tsufa, ruwan kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan.

Domin haka Tancredi ya fara wata al'ada a 1927, wadda ake kira ricolmatura, wato ciko. Akan buɗe tsohuwar kwalba, a sansana, a ɗanɗana. In lafiyarta ƙalau, sai a cike giɓin da ruwan inabin gidan na wannan shekarar dai, a sa sabuwar toshiya, a rubuta shaida. In ta lalace, ba a ba ta shaida, komai tsadar da mai ita ya saye ta. Ba a cika ta 1955 da ta 1990. Ma'ana, domin a ceci kwalabe da yawa, dole a sadaukar da wata 'yar'uwarsu.

5. Doka da Gwajin 2008

Da sunan Brunello ya fara tashi, maƙwabta suka shiga yinsa. A 1966 gwamnatin Italiya ta kafa masa doka, a 1967 manoma 25 suka kafa ƙungiya domin tsare sunan, a 1980 kuma ya shiga sahun farko na waɗanda aka ba matsayi mafi girma a dokar ƙasar, wanda ake taƙaitawa DOCG. Yau masu yinsa sun haura 200, garin da samari suka gudu daga cikinsa kuma ya zama ɗaya daga cikin masu arziki a yankin.

Ga abin da dokar ta ce a taƙaice. Inabin ya zama Sangiovese zalla, wanda aka noma a ƙasar Montalcino. Kada a girbe fiye da tan 8 a hekta ɗaya. Ya yi aƙalla shekara 2 a gangar katako da wata 4 a kwalba. Kada a sayar da shi kafin 1 ga Janairu na shekara ta biyar bayan girbi. Wato inabin da aka girbe a 2020 bai shiga kasuwa ba sai 2025, Riserva kuwa sai an ƙara shekara guda. Ku yi tunanin manomin da ya biya 'yan ƙwadago bana, amma ba zai ga kuɗin amfaninsa ba sai bayan damina huɗu. In kuma shekara ta zo da ruwa mai yawa, hasara ce. A 2002 da 2014 gidan Biondi Santi bai fitar da Brunello ba sam, ya sayar da ruwan da ƙaramin suna da ƙaramin farashi.

Inda akwai riba mai yawa da jira mai tsawo, jaraba ba ta nisa. Masu saye a ƙasashen waje sun fi son ruwan inabi mai duhun launi da laushi, wanda za a sha nan da nan. A 2008 masu gabatar da ƙara na Siyena suka bayyana cewa suna binciken waɗansu gonaki bisa zargin surka Brunello da waɗansu irin inabi. Aka tsare miliyoyin lita, gwamnatin Amurka ta ce ba za ta karɓi kwalba ba sai da takardar shaida, daga bisani kuma aka sauke fiye da lita miliyan ɗaya daga matsayin Brunello. Babu guba a cikin abin da aka surka, inabi ne shi ma. Laifin shi ne, abin da yake rubuce a jikin kwalba dabam, abin da yake ciki dabam. Wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari, gama zargin ya shafi har waɗanda hannunsu yake da tsabta. Waɗansu suka ba da shawarar a sassauta dokar, a halatta surkin. A watan Oktoba na 2008 manoman suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce a bar ta yadda take.

6. Ruwan Inabin Bagade

Wannan labari ya taɓa mu kai tsaye, domin Ekklesiya ma tana da dokarta a kan ruwan inabi. Doka ta 924 a cikin Dokokin Ekklesiya na 1983 ta bukaci ruwan inabin Misa ya zama na ainihi, daga 'ya'yan kuranga, wanda kuma bai lalace ba. Umarnin da ya fito daga Roma a 2004, Redemptionis Sacramentum, ya ƙara jaddada cewa kada a yi amfani da wanda ake shakkar asalinsa, a 2017 kuma aka sake rubuta wa bishop-bishop a tuna musu su riƙa bincika inda ake sayo shi. Ja ne ko fari, duka daidai ne. Bammi, da burkutu, da lemon kwalba mai launin inabi, ba ɗayansu da zai iya zama a madadinsa. Tun 1896 Roma ta yarda a ƙarfafa shi da barasar da aka tace daga inabi, muddin duka bai wuce kashi 18 cikin 100 ba, domin ya jure ajiya da tafiya. Ɗigon ruwan da firist yake zubawa a ƙoƙo kuwa ba surki ba ne. Waliyyi Kifiriyanus na Kartaj ya bayyana tun ƙarni na 3 cewa wannan ruwa alama ce ta jama'a da aka haɗa da Kristi.

Ku lura cewa Ekklesiya ba ta nemi tsada ko tsufa ba. Ruwan inabi mafi araha, in na gaskiya ne, ya isa a miƙa shi a bagaden babbar majami'ar Roma. Abin da ta nema shi ne ya zama abin da aka ce shi ne. Saboda haka ina roƙon katikis-katikis da masu kula da kayan bagade, musamman a ƙauyuka, su sayo daga inda dayosis ta amince. Su ajiye shi a wuri mai inuwa da sanyi, su rufe bakin kwalba sosai, gama zafin ƙasarmu yana saurin juya shi. In ya soma warin ruwan tsami, a sanar da Fada kafin Misa.

7. Gargaɗi

Kada wani ya ɗauki wannan darasi ya mai da shi izinin sha. Littafin da ya yabi tsohon ruwan inabi, shi ne kuma ya zana hoton mashayi a Karin Magana 23:29-35, Waliyyi Bulus kuma ya hana buguwa a Afisawa 5:18. Waliyyi Benedict, wanda sufayensa suka kula da gonakin inabi da yawa a Turai, ya nuna a sura ta 40 ta ƙa'idarsa cewa da so samu ne sufaye su bar shi ɗungum, ya kuma ƙayyade musu ɗan mudu kaɗan a rana. Katikizim na Ekklesiya Katolika, a lamba ta 2290, ya ɗora babban laifi a kan wanda ya jefa ransa ko na waɗansu cikin haɗari a hanya saboda maye. Maganar da ake yaɗawa cewa jan ruwan inabi magani ne mai ƙara jini, kada ku dogara da ita. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Wanda ba ya sha bai rasa kome ba, wanda kuma sha yake cinye kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya nemi taimako tun da sauran lokaci.

Kammalawa

Abu uku za mu riƙe. Na farko, lokaci mai tonon asiri ne. Ruwan inabin da aka yi da ruɓaɓɓun 'ya'ya, ko ya shekara ɗari a rumbu, ruɓarsa ce za ta ƙaru. Haka auren da aka ƙulla a kan ƙarya, haka cinikin da aka gina a kan algus. Mai zuba sukari a zuma, da mai tsakuwa a gero, da mai mudu biyu, suna iya cin riba yau, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, in asiri ya tonu kuma har maƙwabtansu masu gaskiya sai sun sha kunya.

Na biyu, aikin kirki yakan wuce ran mai yinsa. Wanda ya dasa kuranga a Il Greppo yana da shekara hamsin, da wuya ya ɗanɗana Riserva daga jikinta. Ya dasa ne domin jikokinsa. Iyaye masu tarbiyya, da malamai, da masu dasa itatuwa, kada su karaya don ba su ga amfani da wuri ba. Yaron da yake da bauri yau, in tushensa na gaskiya ne, mai haƙuri da shi zai ga laushinsa.

Na uku, gādo amana ne, ba ya kuwa tsare kansa. Sai an riƙa buɗe shi ana dubawa, ana cike giɓinsa da irinsa. A ƙarshen 2016 wani kamfanin Faransa mai suna EPI ya sayi mafi yawan hannun jarin gidan Biondi Santi, gonar ta fita daga ikon iyalin da suka riƙe ta tun ƙarni na 19. Sunansu yana nan a jikin kwalba, dokar da aikinsu ya haifa kuma tana ɗaure duk wanda ya gaje su. Gona takan sauya hannu, amma ma'aunin gaskiya da mutum ya kafa yakan ci gaba da amfanar gari duka.

A ƙarshe, mu tuna cewa masana da yawa suna ganin maganar Luka 5:39 tana ɗauke da gargaɗi ga waɗanda sabo ya hana su karɓar sabon abin da Allah yake yi. Tsufa kaɗai ba shaidar kyau ba ce, shi ya sa ake ɗanɗana kwalba kafin a ba ta shaida. Allah ya ba mu hikimar rarrabewa, da haƙurin jira, da zuciya marar surki. Amin.

Tambayoyi domin Tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke sa ruwan inabi ya iya daɗewa, me ya sa kuma yake da wuyar sha yana sabo?
2. Tun da abin da aka surka a 2008 ba guba ba ne, ina laifin yake? Waɗanne irin algus ne muka saba da su a kasuwanninmu har muka daina ganinsu laifi?
3. Me Ekklesiya take bukata game da ruwan inabin Misa? Yaya ake ajiye shi a majami'arku?
4. Wane aiki ne iyalinku ko ƙungiyarku za ta fara bana, wanda sai 'ya'ya da jikoki za su ci amfaninsa?